Tsallaka Titi a PK8: Gyaran da Bai Kai Kuɗin Gada Ba

 

Mai girma shugaban taro, malamaina, dattawan unguwa, iyayenmu mata, 'yan'uwana direbobi da 'yan kasuwa, barkanku da zuwa. Na gode da kuka rufe shaguna, kuka ajiye motoci, kuka zo sauraro. Magana aka ba ni a kan kiyaye haɗurran hanya, ni kuwa ba zan ɗauko hanyar duka ba. Zan tsaya a kan 'yan takun nan da mutum ke yi daga wannan bakin kwalta zuwa wancan, a nan PK8 a Libreville.

Mu fara da sanin irin hanyar da muke zaune a bakinta. Nationale 1 ita kaɗai ce hanyar mota da ke fitar da mutum daga Libreville zuwa cikin ƙasa. Mai zuwa Ntoum ko Kango ko Lambaréné ita zai bi. Mai zuwa Oyem ko Bitam, garuruwan da kakannin da yawa daga cikinmu suka fara yada zango da suka gangaro ta Kamaru, ita zai bi har Bifoun kafin ya karkata arewa. Motocin katako, tankokin mai, motocin ayaba da rogo, duk ta nan suke wucewa. A bakin wannan hanya ɗaya kuma ga tashar mota da kasuwar ayaba a PK8, ga asibitin sojoji a PK9, ga asibitin Melen gaba kaɗan, ga unguwanni maƙil da makarantu da masallatai da majami'u hagu da dama. An ɗora wa hanya ɗaya aiki biyu masu karo da juna. Direban da ya nufi Lambaréné babbar hanya yake gani, burinsa ya fice daga gari. Matar da ta sauko daga tasi da kwando a ka kuwa layin unguwarsu take gani, burinta ta isa wancan gefen.

Da aka faɗaɗa hanyar daga PK5 zuwa PK12 ta koma tagwaye, layi biyu kowane hannu, kowa ya yi murna, kuma murnar tana kan hanya. Waɗanda suka sha cunkoson da ba sa buƙatar a tuna musu. Sai dai faɗin kwalta yana zuwa da abu biyu da ba a cika faɗa wa mutane ba ranar buɗe hanya. Na farko, ƙafar direba tana nauyi a kan totur gwargwadon yadda ya ga hanya ta buɗe a gabansa, ko me allon gefen titi ya rubuta. Na biyu, tazarar da mai tafiya a ƙasa zai ratsa ta ninka. Layin mota ɗaya yakan kai mita uku da rabi, huɗu ke nan mita 14, ban da tsakiya. Dattijo ko mai ɗauke da kaya yakan yi kimanin mita ɗaya a sakan guda, wato sakan 14 yana kan kwalta. A cikin wannan ɗan lokaci motar da ke gudun kilomita 60 a awa ta cinye fiye da mita 230. Motar da zai iya haɗuwa da ita a layi na huɗu, a lokacin da ya sa ƙafa a layi na farko, ko hango ta bai yi da kyau ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Ba zan cika ku da alƙaluma ba. Lissafi ɗaya nake roƙon direbobinmu su tafi gida da shi.

Kana gudun kilomita 30, yaro ya faɗo titi. Kafin ido ya gaya wa ƙafa ta koma kan birki, sakan ɗaya ya wuce, motarka ta ci mita takwas. Birki ya kama, ta ƙara mita biyar, ta tsaya cak a mita 13. To, mai da gudun 50. A wannan sakan ɗaya kaɗai motar ta ci mita 14. Ma'ana, a daidai wurin da mai gudun 30 ya riga ya tsaya yana salati, mai gudun 50 ko taɓa birki bai yi ba, da cikakken gudunsa zai daki yaron. Shi sai wajen mita 27 zai tsaya, a busasshiyar kwalta ke nan, da taya mai kyau. Mu kuwa muna garin da ruwan samansa ke kusantar milimita 3,000 a shekara, kun kuma san irin tayoyin da ke ƙarƙashin da yawa daga tasi da motocin haya na bayan fage da muke kira kilando. Dukan mota a gudun 30 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita uku da rabi. A gudun 50 kuwa kamar a jefo mutum ne daga saman bene mai hawa uku. Na farko galibi karaya ce da jinya. Na biyu sau da yawa likkafani ne. Saboda wannan lissafi ne ministocin ƙasashen duniya da suka taru a Stockholm a watan Fabrairun 2020 suka yi kira da a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mota ke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa.

Na san abin da ake cewa a gidan makoki: kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wannan magana ce ta ba wa mai rashi haƙuri, kuma a wurin ta dace. Amma ba da ita ake tsara titi ba. Malamanmu ga su nan zaune, sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yanki ne na imani, kuma an hore mu da riƙon sababi tare da tawakkali. Babu wanda ke barin rijiya a buɗe a tsakar gida don ya yarda da ƙaddara.

To, me za a yi? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce wayar da kai: a ja kunnen direbobi, a koya wa yara duba hagu da dama. Ba na raina wannan. Sai dai wa'azi yana aiki ne a kan wanda ya ji shi, ranar da ya tuna shi. Jandarma ma yana tashi daga aiki. Mutanen Suwidin, da majalisarsu ta amince da wani tsari na kawar da mutuwa a kan hanya a 1997, daga wani tushe dabam suka faro: ɗan Adam zai yi kuskure ko an so ko an ƙi, don haka a gina hanyar da kuskurensa ba zai zama ajalin kowa ba. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya iya auna gudun mota, duk irin faɗan da uwarsa ta yi masa da safe.

Amsa ta biyu ita ce fenti, a zana fararen layukan tsallakawa a kafa allo. A nan ina so ku saurara da kyau, don abin ya saɓa wa yadda ake zato. Hukumar manyan hanyoyin Amurka ta sa an yi bincike ƙarƙashin jagorancin Charles Zegeer, aka kwatanta mashigai 1,000 masu fenti da 1,000 marasa fenti a birane 30. A hanyoyi masu layi biyu kacal, fentin bai ƙara komai ba, bai rage ba. A hanyoyi masu layuka da yawa kuwa, inda motoci sama da 12,000 ke wucewa a rana kuma babu tudun tsayawa a tsakiya, wuraren da aka yi wa fenti kawai sun fi marasa fenti yawan kaɗe mutane. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kullum muna ganinsa a bakin tasha. Tasi ta tsaya a layin farko, ko don ta ba ka hanya ko don ta ɗauki fasinja. Ka shiga gabanta da ƙwarin gwiwa tunda kana kan fenti. Jikinta ya kare ka daga idon wanda ke tahowa a layi na biyu, kai ma ya kare maka shi. Fenti ya yi maka alkawarin da ba shi da ikon cikawa.

Amsa ta uku ita ce wadda 'yan siyasa suka fi so, gadar sama. Tana da kyau a hoto, ana yanka mata kyalle. A kan hanya irin Voie Express ta nan Libreville, a wuraren da babu kasuwa babu tasha, ba ni da ja. Amma a tambayi duk wanda ya san Nyanya ko hanyar Kubwa a Abuja: gada na sama, jama'a na ratsa kwalta a ƙarƙashinta. Ana cewa taurin kai ne. Ni ban yarda ba. Dole gada ta haura mita biyar don manyan motoci su wuce, matakala talatin da wani abu ke nan hawa, haka kuma sauka. Wa zai hau da baro cike da ayaba? Mai juna biyu, ko mai keken guragu, ko tsohuwar da gwiwa ta riƙe? Waɗanda suka fi kowa buƙatar kariya su ne gadar ta fi wahalar wa. Kuma da zarar an kafa ta, direba ya ɗauka ƙasa tasa ce, ya ƙara wuta.

Bari in kai ku Ghana. A mahaɗar Suhum, kan hanyar Accra zuwa Kumasi, haɗari ya yi yawa har wurin ya yi ƙaurin suna. An ƙiyasta gina wa masu tafiya a ƙasa hanyarsu ta daban zai ci sama da dala 180,000, sake fasalin mahaɗar kuma sama da dala 100,000. Sai aka shimfiɗa jerin ƙananan kunyoyi a kan kwalta, irin waɗanda ke sa mota kakkarwa da ƙara, a kan kuɗin da bai kai dala 21,000 ba. Francis Afukaar, na cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi da ke Kumasi, ya bi diddigin abin daga Janairun 2000 zuwa Afrilun 2001: haɗurra sun ragu da kimanin kashi 35 cikin 100, mace-mace da kashi 55, munanan raunuka da kashi 76. Lokacin da aka auna gajere ne, kuma direbobi kan saba da kunyoyin nan su koma taka su da gudu, shi ya sa ba zan ce su kaɗai sun isa ba. Amma Suhum ba Turai ba ce. Babbar hanya ce mai tireloli da tasha da masu talla a bakinta, irin tamu.

A Darussalam ta Tanzaniya wata ƙungiya mai suna Amend ta ɗauki makarantun firamare da aka fi kaɗe yaransu, ta yi musu ƙananan ayyuka: tudun rage gudu, hanyar ƙafa, turaku, alluna, wani wurin ma ƙofar makaranta kawai aka mayar wani gefen da ba ya fuskantar babban titi. Kowace makaranta kimanin dala 25,000, kusan sefa miliyan 15. Da aka gwada a makarantu 18, rabi an yi musu aikin rabi ba a yi ba, raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin 100. A Landan ma unguwannin da aka mayar gudunsu mil 20 a awa, kusan kilomita 32, tare da tuddai da matse hanya, waɗanda haɗari ke rutsawa da su sun ragu da kusan kashi 42 cikin 100, a binciken da ya duba shekarun 1986 zuwa 2006.

Abin da ya dace da PK8, a ganina, shi ne mashiga mai tudu. A ɗaga kwalta a daidai wurin tsallakawa da santimita 8 zuwa 10, samanta shimfiɗaɗɗe mai tsawon aƙalla mita shida, hawanta da saukarta a hankali, fentin kuma a kanta. Mai tafiya a ƙasa ya ɗan ɗagu ana ganinsa, baro da keken guragu sun wuce ba tare da sun sauka daga dakalin gefe ba, direba kuwa dole ya sassauta, ba don ya ji wa'azi ba, don yana tausayin ƙasan motarsa. Kafin a iso ta a sa kunyoyin gargaɗi da allo mai ɗaukar haske. A tsakiyar hanya a gina tsibirin tsayawa mai faɗin mita biyu, wanda zai ɗauki uwa da 'ya'yanta da kayanta, don a raba tsallakawa gida biyu, kowane rabi ido na kallon gefe ɗaya kawai. Binciken Amurka da na ambata ya nuna wannan tsibiri na cikin abubuwan da suka fi rage kaɗe mutane. Inda aka raba hanya da shingen kankare, a tsaga masa ƙofa a nan, maimakon a bar mutane suna haurawa.

Wurin da za a sa mashigar ya fi yadda za a gina ta muhimmanci. Injiniya ba zai zauna a ofis ya zaɓa da biro ba. Jama'a sun riga sun zaɓa da ƙafafunsu: tsakanin tasha da kasuwa, gaban makaranta, gaban masallaci, bakin layin da ke shiga unguwa. In ka matsar da ita mita ɗari daga nan, ka yi asarar siminti. Matsayar tasi kuma a mayar da ita bayan mashigar, ba gabanta ba, don motar da ta tsaya kada ta rufe ido. Sai fitila. Muna kusa da tsakiyar duniya, rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da bakwai saura kwata duk shekara, daidai lokacin da ma'aikata ke komawa gida, kasuwa na tashi, ana haramar magariba. Fitila biyu masu aiki da hasken rana a kan kowace mashiga ba za su karya baitulmali ba. Kada kuma a manta da magudanar ruwa a gefen tudun, in ba haka ba damina ɗaya za ta mai da wurin tafki ta cinye kwaltar.

Yanzu ga gargaɗi, kuma da mu nake. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ko ta Maraɗi zuwa Damagaram ya san tuddan da ake samu a ƙauyukan bakin hanya, ya kuma san yadda wasunsu ke samuwa a ƙasashenmu: mota ta kaɗe yaro, ran jama'a ya ɓaci, kafin wayewar gari an tara ƙasa ko an zuba siminti, gajere, mai tsini, babu fenti babu allo. Ina fahimtar zafin da ke sa a yi haka. Amma irin wannan tudu yana kayar da mai babur, yana tsinka wa babbar mota kaya, yana sa direba ya kauce ta gefen titi inda mutane ke tafiya. Tudun rage gudu yana da ma'auni. Wanda aka gwada a cibiyar binciken hanyoyi ta Ingila a 1973, aka kuma yi ta kwaikwaya a duniya, tsawonsa mita 3.7 ne, tsayinsa santimita 10. Tsawon ne sirrin: mai tafiya a hankali ya wuce lafiya, mai gudu ya ji a jikinsa. Kuma hanyar nan ta gwamnati ce. Kada wani matashi ya fita daga zauren nan ya ce an ba shi izinin ɗaukar shebur.

Direbobi za su ce ana ɓata musu lokaci. Mu lissafa. Rabin kilomita a gudun 50 sakan 36 ne, a gudun 30 minti ɗaya. Bambancin sakan 24, bai kai lokacin da kake ɓatawa kana neman canjin fasinja ba. Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na motar asibiti, tunda ga asibitoci biyu a gaba. Shi ya sa na ce tudu mai shimfiɗaɗɗen sama da sassauƙan hawa, a kuma taƙaita shi ga wuraren tsallakawa na gaske, kada a jera shi kowane taku. Akwai wani samfuri da ake yi ɗan siriri a tsakiyar layi don manyan motoci su ratsa shi tsakanin tayoyinsu. A wasu garuruwa ya yi amfani. A nan ban goyi bayansa ba, domin motar katako ce abin tsoronmu, ita ce kuwa zai bari ta wuce da gudunta.

Saura namu laifin, 'yan kasuwa. Teburin da ka fitar kan dakalin masu tafiya don kaya su fi ganuwa, da buhunan da aka sauke aka bari a bakin titi, su ke tura ɗan makaranta kan kwalta. Ba za mu je gaban hukuma neman gyara alhali hanyar ƙafar da ake da ita mun cinye ta ba. Iyayenmu mata, yaron da bai kai shekara goma ba kada a aike shi tsallaken titin nan shi kaɗai, ko da sayen magi ne.

Hanyar ta ma'aikatar ayyuka ce, akwai hukumar kiyaye haɗurra ta DGSR a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, akwai ofishin magajin gari, akwai masu unguwanni. Babu ɗayansu da kuka ke motsawa kamar yadda takarda ke motsa shi. Roƙona ga shugabannin wannan taro shi ne a sayi littafi guda a ajiye a hannun amintacce a bakin tasha, duk wanda mota ta taɓa a rubuta rana da lokaci da daidai wurin da irin motar. A sa matasa su tsaya safe da yamma na mako guda su ƙirga masu tsallakawa, su nuna a zane inda suka fi ratsawa. A tafi da maƙwabtanmu na majami'u, da shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin direbobi, da matan kasuwar ayaba, don kada a ce buƙatar wata ƙabila ce. Idan an isa ofis kada a ce a gyara mana hanya. A ce ga wuri uku, ga adadin masu tsallakawa, muna neman mashiga mai tudu da tsibiri da fitila a kowanne. Mai girma shugaban taro, ina roƙon a naɗa waɗanda za su riƙe littafin nan kafin mu tashi yau.